Hannuna ya fi tunanina sauri: alherin da aka yi wa lissafi alheri ne kuwa?

Saƙon da ya zo mana:

"Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Maradi. Shekarata 36, mata ɗaya da yara huɗu, mahaifiyata tana ƙauye wajen Gidan Rumji. Matsalata ba na iya cewa a'a. Mutum na buɗe baki hannuna ya kai aljihu, ko in ɗauko kaya in ba shi bashi. Jarina ya taɓa kai miliyan ɗaya da rabi na sefa, yanzu bai cika jika 900 ba (wato sefa dubu 900), kuma mutum fiye da 30 ke riƙe da kuɗina. Yayana ya ce kada in ƙara ba kowa komai sai na kwana a kan maganar. Na gwada wata biyu, sai na ga duk sanda na kwana hujjar hanawa nake tashi da ita. Har wani maƙwabcina da ɗansa ba lafiya na ce ya dawo gobe. Bai dawo ba, yanzu gaisuwa ma da ƙyar muke yi. Wanne ne ni na gaskiya, mai ba da sauri ko mai lissafi? Kuma in sai na yi lissafi kafin in ba, akwai sauran alheri a ciki?"

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya mayar maka da abin da ya fita.

Maganar maƙwabcin nan ba ta jiran ƙarshen wannan amsa. Yau bayan la'asar ka taka gidansa da ƙafarka, kada ka aika yaro. Ka tambayi jikin ɗan, ka ce masa ranar nan ka yi kuskure. In akwai sauran magani da ba a saya ba, ka karɓi takardar ka je kantin magani ka biya. Kada ka ba shi labarin jarinka da ya ragu, domin zai ji kamar uzuri kake kawowa. Bai dawo ba ne saboda mutum mai mutunci sau ɗaya yake iya buɗe baki, kuma da ya ji "sai gobe" ya fahimci hanawa ce aka yi masa cikin ladabi.

Ita kuwa tambayarka, masana halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru suna jayayya a kanta, kuma yadda jayayyar ta gudana zai yi maka amfani. A 2012 wasu masu bincike uku na jami'ar Harvard a Amurka, David Rand da Joshua Greene da Martin Nowak, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya ta Nature. Ana haɗa mutum huɗu da ba su san juna ba, a ba kowa kuɗi daidai, a ce ya zuba abin da ya ga dama a asusu guda. Duk abin da ya taru a ninka shi biyu a raba musu daidai, da wanda ya zuba da wanda bai zuba ba. Mu ɗauka jika guda aka ba kowa. In duka suka zuba, jika 4 ta zama 8, kowa ya tashi da jika 2. In uku suka zuba ɗaya ya noƙe, jika 3 ta zama 6, kowa ya samu jika ɗaya da rabi, mai noƙewa kuma ga jikarsa a aljihu, ya tashi da biyu da rabi. Ke nan taron ya fi cin riba in kowa ya zuba, amma mutum ɗaya ya fi cin riba in ya ci gumin sauran. Sai aka ce wa wasu su yanke shawara kafin sakan 10 ya cika, wasu kuma aka ce sai sun jira aƙalla sakan 10. Waɗanda aka gaggauta suka fi zubawa. Labari ya bazu cewa asalin ɗan Adam kyauta ce, tunani ne ke kawo rowa, wato daidai abin da kake jin ya faru da kai.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. A 2013 wasu masu bincike daga Suwidin, Gustav Tinghög da abokan aikinsa, suka maimaita gwajin ba su ga bambancin ba. Suka kuma nuna inda matsalar take: a gwajin farko an cire waɗanda suka kasa amsawa cikin sakan 10 daga lissafi. A 2017 cibiyoyin bincike 21 suka haɗu suka sake gwajin da mutum fiye da 3,500, bisa ƙa'idar da aka rubuta tun kafin a fara. Kusan biyu cikin uku na waɗanda aka gaggauta ba su amsa cikin lokacin ba. Da aka lissafa da kowa, ba a ga wani bambanci tsakanin masu sauri da masu jira ba. Sai an tsame masu makara bambancin ke fitowa, kuma tsamewar nan tana ɓata awon, domin ka zaɓi mutanen da kake auna. Saboda haka duk wanda ya ce maka kimiyya ta tabbatar da cewa zuciyar farko ita ce ta kirki, ya faɗi fiye da abin da aka gano. Wanda ya ce maka kyautar gaggawa wauta ce, shi ma ba shi da wannan hujja.

Abin da ya fi ƙarfi cikin bayanin, wanda shi kansa Rand ya koma yana jaddadawa daga 2014, shi ne cewa abin da mutum ke yi ba tare da tunani ba, sabo ne. Wanda ya tashi a inda taimakon juna ke dawo wa mutum da alheri, hannunsa zai saba da miƙawa. Wanda ya tashi a inda ake cutar mai yarda, hannunsa zai saba da damƙewa, kuma shi ma da sauri yake damƙewa. Akwai tushe da ake haihuwar yaro da shi: a 2006 Felix Warneken da Michael Tomasello a Jamus sun nuna cewa yara ƴan wata 18 suna ɗauko wa baƙon mutum abin da ya suɓuce masa ya kasa kai hannu, ba wanda ya ce su yi, ba kuma lada. Amma girman da wannan tushe zai yi da inda zai fuskanta, al'umma ce ke tsarawa. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun kai irin waɗannan gwaje-gwaje ƙananan al'ummu 15, suka buga sakamakon a 2001. A ɗaya daga ciki ana ba mutum kuɗi ya raba da wani, in wancan ya ƙi rabon duka su rasa. Mutanen Machiguenga na Peru, waɗanda kowane gida ke cin gashin kansa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suke miƙawa. Masuntan Lamalera na Indunusiya, waɗanda ba mai iya farautar babban kifin teku shi kaɗai, sukan miƙa fiye da rabi. Makiyayan Orma na Kenya kuwa da aka yi musu gwajin asusun nan, sai suka gane shi a matsayin irin gudummawar da suke haɗawa don gina makaranta ko gyaran hanya, suka zuba da yawa.

To kai ka tashi a ƙasar gayya da gudummawar biki da adashe, inda tun kana ƙarami ake ɗora maka kwanon tuwo ka kai maƙwabta da magariba. Saurin hannunka tarbiyya ce da iyayenka suka yi maka, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba mu son ka rasa ta. Sai dai an koyar da ita ne a inda kowa ya san kowa, inda wanda ka taya noma bana zai taya ka baɗi, wanda ya ƙi kuma gari ya san shi. Shago a birni kamar Maradi, inda hanyar Katsina da ta Damagaram da ta Ƙonni ke zubo mutane kullum, wani wuri ne daban. Sabo ba ya bambance maƙwabcin da ɗansa ke kwance da wanda ya zagaya shago biyar da labari ɗaya. Wannan bambancewar aikin tunani ce.

Shi kuma tunani, tambayar da ka ba shi yake amsawa. Dokar yayanka ta sa kana kwanciya da tambayar "ya dace in ba shi?", kai kaɗai, fuskar mai roƙon ba ta gabanka, asarar da ka riga ka yi kuma tana maka ciwo. Duk wanda ya kwana da wannan tambaya cikin wannan hali zai samu hujjar hanawa, domin ba a rasa ta. A 2007 Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic sun nuna cewa in aka fara ba mutane lissafin lambobi su yi, sannan aka nuna musu hoton wata yarinya mai fama da yunwa a Mali, abin da suke bayarwa yana raguwa. Ke nan rowar da ka gani a wata biyun nan ba wani ɓoyayyen halinka ne ya fito ba. Ka sa lissafi a wurin da ba nasa ba ne. Yayanka ya yi gaskiya cewa ana bukatar tunani, amma lokacin tunanin shi ne kafin mai roƙo ya iso.

Akwai abu guda da muke so ka duba a ranka da gaskiya, don yana da zafi. Ba duk kyautar gaggawa ce ke fitowa daga tausayi ba, wata daga jin nauyi take fitowa. A 2012 Stefano DellaVigna da John List da Ulrike Malmendier suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da masu neman taimako gida-gida a yankin Shikago. Gidajen da aka riga aka sanar da su sa'ar da za a zo, masu buɗe ƙofa sun ragu. Inda aka ba su damar sa alamar kada a ƙwanƙwasa, abin da aka samu ma ya ragu, musamman ƙananan kyaututtuka. Wato wasu suna ba ne don ba za su iya kallon idon mutum su hana ba. A Kamaru, binciken Jean-Marie Baland da abokan aikinsa na 2011 ya samu mutane masu ajiya a asusun haɗin gwiwa suna cin bashi da ruwa alhali ajiyarsu ta isa, don kawai dangi su ɗauka ba su da shi. Wanda bai koyi cewa a'a a fili ba, ƙarshensa ɓoyo da ƙarya. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: bayan mutum ya juya ya tafi, me kake ji? In sanyi ka ji a zuciya, kyauta ka yi. In ka ji kana cizon yatsa, kana tuna abin da dare, kana jin haushinsa in kun haɗu a masallaci, to kara ka yi, kuma kara ce ta fi cin jarinka. Ka duba mutum 30 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da wannan ma'auni, za ka ga yadda suka kasu.

Addini ma bai ɗauki ɓangare ɗaya ya jefar da ɗaya ba. Ya zo a Buhari cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame sallar la'asar ya tashi da sauri ya shiga gida, har mutane suka firgita, ashe ya tuna wani zinari ne da ke ajiye, ya ce a raba shi. Shi ne kuma ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yin wasiyya da fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa, ya ce masa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Ya kuma ce mutum ya fara da waɗanda yake ciyarwa. Aya ta 29 ta suratul Isra'i ta hana ɗaure hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya rubuta bashi bai rage komai daga alherinsa ba, umarni ya bi.

Ga yadda muke ba ka shawara ka tsara abin. Ranar da ka rufe shago da wuri, ka ƙirga kaya a farashin saye, ka haɗa da kuɗin da ke hannu. Wannan ne jarinka. Bashin da ke waje kada ka sa shi ciki tukuna. Jari iri ne: manomi yana iya kyauta da damin da zai ci, amma in ya kyautar da irin shuka, baɗi shi da waɗanda yake taimako duk roƙo za su fita. Daga yau kyauta daga riba take fita, kuma sai ka san ribar. Ka yi wata guda kana rubuta ciniki da sari da abin da ka ɗiba na gida, har sabulun da ka kai wa uwargida daga kan kanta.

A ce ribar wata ta zo jika 120, gida ya ci 80. Saura 40. Tunda jari ya rame, 20 su koma cikinsa, 10 su zama ajiyar gidanka ta rashin lafiya, 10 kuma su ne kuɗin alheri. In lambobinka sun bambanta ka riƙe rabon: rabi jari, kwata ajiya, kwata alheri, har jari ya dawo inda yake. Abin da kake aika wa mahaifiyarka ba ya cikin kuɗin alheri. Haƙƙi ne, yana cikin kuɗin gida. Ka yanke masa adadi da rana, ka riƙa aikawa farkon wata kafin ta tambaya. Uwa ba ta shiga layin masu jira.

Kuɗin alherin nan ka canza su ƙanana, ƴan dala ashirin da dala ɗari (sefa 100 da sefa 500), ka zuba a jaka ta dabam, ba a akwatin ciniki ba. Abin da ke cikin jakar ka riga ka bayar da shi tun ranar da ka ware, saura kawai ka ga mai rabo. A nan ka saki hannunka yadda ya saba. Tsohuwa ta tsaya tana kwance bakin zane tana ƙirga silalla, kuɗin tiyar hatsi bai cika ba, ka cika mata ba tare da tambaya ba. Almajiri, ɗan kabu-kabun da mai ya yanke masa, baƙon da kuɗin mota ya gaza, duk abin da bai wuce jika guda ba kada ka tsaya tunani, domin ko an yaudare ka asarar ba ta kai zunubin wulaƙanta mai gaskiya ba. In jaka ta ƙare ranar 20 ga wata, ta ƙare, sai ka faɗi haka.

Abin da ke da rai a ciki ma ba ya kwana, ko ya wuce jika guda: zazzaɓin yaro, naƙuda, hatsari, gidan da ba a ɗora tukunya ba. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kwantar da ƙaramin yaro ya galabaita cikin kwana guda, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. A irin wannan tunaninka ya tsaya a kan yadda za ka ba. Ka biya a kantin magani, ko ka aika yaron shago da mutumin, ko ka auna hatsi ka ba shi maimakon kuɗi. Mai gaskiya zai yi murna, domin magani yake nema. Mai ƙarya zai fara cewa a ba shi kuɗin dai, ka ga ka gane ba tare da ka zargi kowa ba. Don irin wannan ka riƙa rage jika 3 cikin 10 ɗin nan na alheri kana tarawa gefe.

Wurin da dokar yayanka ta dace shi ne rance, da bashin kaya mai yawa, da jarin da wani ke so ka ba shi, da tsaya wa wani a wajen mai sari ko a adashe. Waɗannan ba gaggawa a cikinsu, kuma duk wanda ya ce dole sai yanzu-yanzu, gaggawar tasa ita ce dalilin jinkirinka. Amma kada ka ce "sai gobe" ka bar shi a buɗe. Ka ce: "Ba na yanke maganar rance a tsaye. Jibi bayan azahar ni zan kira ka." Kuma ka kira, ko da amsar a'a ce. A kwana biyun ka tambayi kanka abu uku: daga ina zai biya, ya taɓa ci ya biya, kuma in kuɗin nan ba su dawo ba zan iya ci gaba da gaisawa da shi? In amsar ta ƙarshe a'a ce, kada ka ranta. Ka ba shi abin da za ka iya yafewa, ka faɗa masa a fili: "Jika 50 ba ni da halinta. Ga 5, kyauta ce, ba bashi ba." Yawancin zumuncin da kuɗi ya kashe, kyauta ce aka kira ta rance don kunya, ko rance aka ci da niyyar kyauta. Tsaya wa mutum kuwa ka ɗauke shi a matsayin kai ne ka ci bashin, domin ranar da ya kasa kai za a kama.

Bashin kaya shi ne babban ramin da muke zaton jarinka ya zurara, saboda ba ka ganin kuɗi na fita. A ce ka sari buhun shinkafa jika 20 kana sayarwa 21. Buhu ɗaya da aka ɗauka ba a biya ba ya cinye ribar buhu 20. Don haka ka sayi littafi, kowane mai bashi da shafinsa: rana, kaya, kuɗi, ranar biya, a rubuta a gabansa. Duka bashin da ke waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kayan shago, wato a jarinka na yanzu jika 90. Kowa da iyakarsa, kuma ba sabon bashi sai an biya aƙalla rabin tsoho. Ma'aikaci a ɗaure nasa da ƙarshen wata, manomi da kaka.

Dokar rabin nan tana kare masu biya ne, ba kai kaɗai ba. Binciken Urs Fischbacher da Simon Gächter da Ernst Fehr a Suwizalan a 2001 ya samu kusan rabin mutane suna zubawa a asusun nan gwargwadon yadda suka ga wasu na zubawa, kusan kashi 30 cikin 100 kuma ba sa zuba komai. In aka maimaita wasan zagaye bayan zagaye ba tare da hukunci ba, zubin yana ta raguwa, domin masu kirki suna gajiya da zama abincin wasu. A unguwa ma in aka ga wanda bai biya ba an ƙara masa, mai biya sai ya fara jinkiri. Matan yankinku sun daɗe da gane wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarinsu ya bazu ƙasashe da dama, kuma ƙarfinsa shi ne an yanke ƙa'ida tun kafin bukata ta zo: zubi kowane mako, rance mai wa'adi, kuɗin taimakon wadda abu ya sama a ware dabam, komai a gaban kowa. Ba wanda zai ce matan nan marowata ne.

Tsofaffin basukan, ka kasa su uku. Akwai masu hali da suka yi shiru don kai ma ka yi shiru. Waɗannan ka same su a keɓe, ba a fada ba, ba a gaban iyalinsu ba, ka nuna musu adadin, ku yanke biya kaɗan-kaɗan, ko jika guda duk Juma'a. Akwai masu niyya da ba hali, su ka ba su lokaci zuwa kaka, kamar yadda aya ta 280 ta Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Akwai kuma waɗanda ka san ba za su taɓa iyawa ba, gwauruwa mai marayu ko dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. Ka yafe musu, ka kuma faɗa musu ka yafe, domin mai bashin da ba a sallama ba yana canza hanya in ya hango ka, ka rasa kuɗin ka rasa mutumin. Ka lura, mafi yawan malamai ba su yarda a lissafa bashin da aka yafe a matsayin zakka ba. Zakkar kasuwanci, kashi biyu da rabi cikin 100 in dukiya ta kai nisabi shekara ta zagayo, ita kanta alheri ce da Allah ya ɗora a kan lissafi. Ka zauna da malaminku ya duba maka ko jarinka ya kai.

Inda irin wannan tsari ke lalacewa sananne ne. Wata na farko za a ce ka canza, wasu su yi fushi, kuma waɗanda suka fi cin moriyarka su za su fi ɗaga murya. Kada ka yi gardama, ka maimaita magana ɗaya ga kowa, domin da zarar ka karya doka ga mutum ɗaya saboda ya fi naci, ka koya wa sauran cewa naci ne kuɗin shiga. Za ka kuma ji sha'awar ɗibar canji daga jakar alheri in ciniki ya matse, ko ka ɗiba daga akwatin ciniki in jaka ta ƙare da niyyar mayarwa. Duka biyun suna rusa iyakar. Sannan roƙo ba daidai yake zuwa duk shekara ba. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa sabon hatsi bai shigo ba, ƴan'uwan ƙauye za su yi yawa a ƙofarka, haka ma azumi da sallar layya da komawar yara makaranta a Oktoba. Da kaka, hatsi na araha, ka sayi buhu ɗaya ko biyu na gero daga kuɗin alheri ka ajiye. Tiya biyu a hannun mutum cikin watan Agusta ta fi masa kuɗin da ka saye ta da su a Nuwamba amfani.

Uwargida ta san adadin da ke jakar, ka kuma ba ta wani abu daga ciki ta riƙa bayarwa da hannunta. Mata sun fi sanin gidan da aka kwana ba wuta, kuma waɗanda suka fi bukata sau da yawa ba sa zuwa shago roƙo. Yayanka kuma ka ba shi aikin da zai iya: duk rancen da ya wuce jika 25 sai kun yi magana da shi, amma jakar alheri ba ruwansa da ita. Bayan wata uku ku sake ƙirga kaya tare. In jari ya tsaya ko ya ɗaga, ka ci gaba a haka, ka ƙara wa jakar gwargwadon ƙarin riba. In har yanzu yana raguwa alhali ka riƙe iyakokin nan, to ba kyauta ce kaɗai ke cin sa ba, sai ku duba farashin sari da kayan da ke lalacewa a kanta da abin da gida ke ɗiba ba a rubutawa.